Kubon na ragi, ko takardar cin mutunci?

Duk wanda ya ƙirƙiro kubon ɗin nan na gidajen abinci, wato takardar ragin farashi da ake saya a waya, Allah ya isa tsakanina da shi. Na faɗa kuma ba zan janye ba. Mu baƙi mazauna ƙasar nan ta Saudiyya mun saba haɗiye abubuwa iri-iri, daga wahalar sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, har mai gidan haya da ke ƙara kuɗi duk shekara ba gaira ba dalili, amma abin da aka yi mini ranar Alhamis da daddare a Jidda, a gaban ƙanin mahaifiyata, ya ƙi wucewa ta maƙogwaro.

Kawu ne ya zo Umara daga gida. Dattijo ne, a hannunsa na yi karatun allo, kuma kowa ya san baƙo irin wannan ba a cika shi da tamis da ful, wato gurasa da wake, safe da yamma sannan a raka shi filin jirgi. Dole a fita da shi ko sau ɗaya, ya zauna a wuri mai sanyi, a kawo masa nama a faranti. Sai ga talla a wata manhaja: ka biya riyal 60, a ba ka kubon na riyal 150 a wani gidan mandi, wato shinkafa da nama irin ta Larabawa, da gasasshen nama. Na biya da katina. Na karanta sharuɗɗan tun daga sama har ƙasa, har da ƙananan rubutun da sai ka matso da waya kusa da hanci. A ci a wurin, ba a tafiya da shi gida. Kubon ɗaya ga tebur ɗaya. A sanar da ma'aikaci kafin a kawo abinci. Ba ya aiki Juma'a da Asabar. Shi ya sa na zaɓi Alhamis.

Muna zama na nuna wa yaron da ya zo ɗaukar oda. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce babu matsala. Muka ci. Kawu ya ji daɗi, ya yi ta sa albarka, har yana ce wa maman yara lallai Allah ya yi mana buɗi. Na bar su suna shan shayi na tafi wajen mai karɓar kuɗi. Lissafi ya kama riyal 210. Na miƙa masa wayar.

Bai karɓa ba. Da ƙasan ido ya leƙa ta, ya ce, "Kubon?"

Na ce, "E, kubon."

Sai ya ɗaga murya, yadda duk masu jira a bayana za su ji: "Ya Hajji, kubon ba ya aiki yau."

Na ce masa yau Alhamis, kuma ga shi a rubuce Juma'a da Asabar kaɗai aka cire. Ya kalli agogon bango, ya kalle ni, ya yi wani ɗan murmushi na gefen baki. Ya ce an yi magariba, ai daren Juma'a ne.

Jama'a, ku ji fa. Ashe babban malami aka ajiye a kan na'urar kuɗi ban sani ba! Mutumin da rasit ɗin da ya buga da hannunsa ke ɗauke da kwanan watan Alhamis, shi ne ya tashi yana koya mini cewa dare na gaba da yini. Tun 2013 aka mayar da hutun ƙarshen mako a ƙasar nan daga Alhamis da Juma'a zuwa Juma'a da Asabar, amma a wannan gidan abinci Alhamis tana komawa hutu da zarar an ga mai kubon. Na tambaye shi, to in haka ne, ranar Asabar bayan magariba ai daren Lahadi ne, kubon zai yi aiki ke nan? Ya ce a'a, Asabar Asabar ce. Ka ga ilimi.

Na danne zuciyata na ce yaronku ya duba kafin mu ci, ya ce ba matsala. Ya ce wane yaro? Na waiga, babu shi, wai ya tashi daga aiki. Sai ya ɗaga kafaɗa ya ce shi bai san wannan ba, abin da na'ura ta karɓa shi yake karɓa. Na ce to gwada a na'urar mana. Ya ƙi. Ya juya ya ƙwala wa manajansu kira daga can ƙarshen ɗaki: "Ga wani mai kubon nan!" Ba "ga baƙo" ba, ba "ga mai sayen abinci" ba. Wani mai kubon. Duk kawunan da ke wurin suka juyo.

Manajan ya taho a hankali yana latsa wayarsa, bai ko yi mini sallama ba. Ya ce ko da yau rana ce ta kubon, sai abincin ya kai riyal 250, ban da abin sha. Na ce ina aka rubuta? Ya ce wannan dokar gida ce. Na ce kuɗina 60 fa? Ya ce ba su suka karɓa ba, in je in tambayi manhajar. Sannan ya ƙara da maganar da har yanzu take yi mini yawo a kai: "Ya Hajji, in kuɗin bai kai ba, ai akwai gidajen shinkafar bukhari masu araha da yawa a kan titi."

Ban san Kawu ya taso ba. Ji kawai na yi an taɓa kafaɗata. Ba ya jin Larabcin kasuwa, amma fuska ba ta buƙatar tafinta. Ya zura hannu cikin 'yar jakar da ke rataye a wuyansa, inda guzurinsa yake, ya ce a hankali, "Ɗana, in wani abu ne bai cika ba, ga nawa nan, kada ka tsaya jayayya da su."

Na ce, "A'a Kawu, don Allah koma ka zauna, ba komai."

Na biya 210 cif. Haɗa da 60 na farko, abincin da aka ce zan samu da ragi ya tashi a kan 270. Araha ba ta ado, in ji mutanen da, amma ban taɓa jin inda araha ta fi tsada tsada ba sai a nan.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, bayan na huce na tambayi wani ɗan'uwanmu da ya daɗe yana aiki a kicin ɗin gidan abinci, sai na gane ba tsautsayi ba ne, haka aka gina abin. Wannan sana'a ta yi ƙarfi ne tun da kamfanin Groupon ya fara a Chicago ta Amurka a 2008, sauran duniya suka kwaikwaya. Tsarin da aka san shi da shi a farko shi ne mai saye ya biya rabin farashi, kamfanin tallan ya ɗauki kusan rabin abin da aka biya, mai gidan abinci ya tashi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin abincinsa. Akwai ma wani tsarin da mai gidan abinci ba ya samun ko sisi daga kuɗin takardar, ribarsa kawai ita ce sharaɗin nan na sai ka ci abinci ya kai kaza. Akwai na saya ɗaya a ba ka ɗaya, wanda sai ka biya kuɗin shekara tukuna. Duk dai jirgi ɗaya ya kwaso su.

To ka auna. Mai gidan abinci ya sa hannu ne don a cika masa kujerun da ke zama fanko ranar Litinin da rana, da fatan wanda ya zo da kubon zai dawo wata rana ya biya cikakken kuɗi. Amma ya sani, mu ma mun sani, mai neman ragi ba ya dawowa sai da wani ragin. Saboda haka tun kana shigowa ƙofa, a idonsa asara ce ta shigo da ƙafafunta. Shi ya sa ake tara sharuɗɗa: ban da abin sha, saboda a lemo da ruwa riba take, ban da ranakun cika, sai an kai kaza, ba a haɗa shi da wani ragi. Ita kuwa manhajar ta riga ta karɓi kuɗinta tun kana kwance a kan katifarka. In wa'adin kubon ya ƙare ba ka yi amfani da shi ba, ko aka hana ka kamar yadda aka hana ni, wa ya yi asara? Su biyu suka ƙulla cinikinsu, kowa na jin ɗayan ya cuce shi, sai su huce a kan wanda ya zo da iyalinsa cin abinci. Kai kuma mai gidan abinci, in ba ka so a zo da kubon, wa ya tilasta maka shiga? Ka kira mutane da bakinka, su zo, ka mayar da su almajirai?

Na san masu cewa ai sai in kai ƙara, akwai layin waya na 1900 na ƙorafin masu sayayya, akwai manhajar kai ƙorafi. Na sani. Amma ku gaya mini gaskiya, a cikinmu nawa ne ke son sunansa da lambar iƙamarsa su shiga wata takardar rigima saboda riyal 60? Mutumin da zamansa ke rataye da sa hannun kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa, wanda kullum addu'arsa kada wani abu ya taso lokacin sabuntawa? Su ma masu gidajen abincin sun san da haka. Suna kallon fatarka, su ji harshenka, su san wannan ba inda za shi.

Kuma me ya mayar da mu mabarata ragi tun farko? Da can wa ya damu da kubon? Harajin kaya ya shigo da kashi 5 a Janairun 2018, kafin mu farfaɗo ya koma kashi 15 a Yulin 2020. Kuɗin zaman iyali da ake karɓa daga baƙi ya fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum a 2017, yanzu 400 ne. Mai mata da 'ya'ya uku, riyal 19,200 ke nan a shekara, kafin haya, kafin makaranta, kafin a sayi ko buhun shinkafa. Wuta da fetur suka tashi a 2018. 'Yan ƙasa an buɗe musu asusun tallafi don rage raɗaɗi, mu kuwa sai dai mu rage cin nama. Shi ma mai gidan abincin ana karɓar har riyal 800 a wata kan kowane ma'aikaci baƙo, ya juyo ya zuba shi a farashin faranti. Albashi kuwa yana nan inda aka bar shi shekara da shekaru. Kowa ya matsu sai ya taka na ƙasa da shi, mu ne a can ƙasa.

Ba zan ma ga laifin masu ƙasa su kaɗai ba, ƙasarsu ce, sun tsara abin da ya yi musu. Ina shugabanninmu na gida? Su da ke zuwa Umara rututu a goman ƙarshe na azumi, su kama ɗakuna masu kallon Harami, su cika jakunkuna da zinare da turare, ba wanda ya taɓa tambayar yadda talakan da rashin aiki ya koro nan yake rayuwa. Da sun gyara gida, da wa zai tsaya wani yaro sa'ar ɗansa yana yi masa wa'azin daren Juma'a a kan farantin shinkafa?

Mu ma da namu. Duk wanda ke Saudiyya a wurin 'yan gida attajiri ne, riyal a bakin titi yake shara. Wannan na son waya, wancan na son abaya, wata na son a biya mata Umara. Kai kuma kunya ta hana ka cewa babu, sai ka koma bin tallan ragi da tsakar dare don ka rufa wa kanka asiri. Sannan ga 'yan'uwanmu da suka mayar da zaurukan WhatsApp na unguwa kasuwar kubon, kullum "ku yi sauri kafin ya ƙare", alhali ɗan ladan da manhaja ke ba su in wani ya saya ta hannunsu suke hari. Daga yau duk wanda ya sake turo irin wannan talla a zauren da nake shugabanta, cire shi zan yi, ko da limamin unguwa ne.