A Katsina an daɗe da buɗe PlayStation, saura a samu mai rubuta mata wasa

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin masu buga gem a nan Ingila. Shin ya kamata Sony da Nintendo da Microsoft su ƙyale wanda ya sayi na'urarsu ya ɗora mata manhajar da ya rubuta da hannunsa, ko wadda wani ya rubuta a ɗakinsa ya saki kyauta? Kamfanonin suna cewa a'a, domin ƙofar da mai manhajar gida zai shiga, ta nan ɓarawon wasa zai biyo shi. Masu saye kuma suna cewa kuɗinmu muka sa, kayanmu ne. Duk sanda aka tayar da maganar a wurin aiki sai dariya ta kama ni, don mu a Katsina an yanke wannan hukunci tuntuni ba tare da an nemi izinin kowa ba. Ban taɓa shiga gidan gem a Ƙofar Ƙaura ko Sabuwar Unguwa na tarar da PlayStation 2 da ba a buɗe ta ba.

Wanda ya taso a garin ya san yadda wurin yake. Shago ne mai labule a ƙofa, talabijin uku ko huɗu a jere, benci, janareto na kuka a waje, hannun gem an ɗaure wayarsa da salatif. A da can faifai ake sawa, na'urar an dasa mata wani ɗan ƙarfe a ciki don ta karɓi kwafi. Idan idonta ya fara mutuwa sai ka ga mai shago yana goge faifan da bakin rigarsa, yana kifa na'urar, yana roƙonta ta karanta. Daga baya aka daina wannan wahala. Aka zo da wata memori da ake cusawa a gaba, da ka kunna sai jerin wasanni ya fito daga filash, ba ruwanka da ido. Abin da ke cikin memorin nan sunansa Free McBoot, wanda ke jero wasannin kuma Open PS2 Loader. Ba Sony ce ta yi su ba. Wasu masu sha'awa ne a ƙasashe daban-daban suka rubuta, suka bayar kyauta. Wato manhajar gidan da Turawa ke ta cacar baki a kanta, ita ce ta riƙe sana'ar gidajen gem ɗinmu bayan Sony ta daina ƙera na'urar a farkon 2013.

To amma kar mu yaudari kanmu. In ɗan Katsina ya ce wa mai gyara "Malam, a buɗe min ita", ba shirin rubuta wasa yake yi ba. Ƙwallo yake so, da wasan mota, da na faɗa, kuma ba sisin kobo da zai kai ga waɗanda suka yi su. Mu ne ma ya kamata mu fi kowa sanin illar wannan, don mun ga abin da ya samu fina-finan Hausa. Furodusa ya ci bashi ya yi fim, kafin ya sayar da kwali ɗaya an kwafe an baza, daga baya 'yan downloading suka ƙarasa kasuwar faifai, har masu sana'ar suka koma YouTube da fina-finai masu dogon zango. Ko ta fuskar addini ba mu da wurin fakewa: Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce ta mai ita, bai halatta a keta ba. Saboda haka tsoron kamfanonin ba na banza ba ne. Su ba da na'urar suke cin riba ba, galibi da wasannin ne, inda suke yankar kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da aka sayar a shagonsu na intanet. Makullin ma yana da tarihi. Kasuwar gem ta durƙushe a Amurka a 1983 bayan an cika ta da tarkacen wasanni, shi ya sa Nintendo ta shigo da na'urarta a 1985 da wani guntun makulli a ciki, ba wasan da zai tashi sai wanda ta yarje.

Inda na raba hanya da su shi ne a kan ko makullin yana yin aikin da aka sa shi. Labarin PlayStation 3 ya ishe ni hujja. Ta fito a ƙarshen 2006 da wata dama a jikinta mai suna OtherOS, wadda ke barin mutum ya ɗora Linux, wata manhajar gudanar da kwamfuta ta kyauta, ya mai da ita kwamfuta. Ɗalibai da masu bincike suka yi ta amfani da ita, har rundunar sojin saman Amurka ta haɗa guda 1,760 wuri ɗaya ta yi babbar kwamfuta da su. Sama da shekara uku ba wanda ya fasa ta. A 2009 Sony ta fito da siririyar PS3 ba tare da wannan dama ba. A Janairun 2010 wani matashi ɗan Amurka, George Hotz, ya bi ta OtherOS ya taɓa tsaron na'urar, sai Sony ta tsorata, a watan Afrilu ta turo sabuntawa ta 3.21 ta cire damar daga na'urorin da mutane suka riga suka saya da kuɗinsu. Shekarar ba ta ƙare ba wata ƙungiya mai suna fail0verflow ta tsaya a wani taro a Balin ta nuna wa duniya cewa Sony ta yi sakaci a lissafin sa hannun da na'urar ke gane manhajar asali da shi: akwai lambar da ya kamata ta riƙa canjawa kowane lokaci, ita kuwa guda ɗaya take ta maimaitawa. Su dai Linux suke so a dawo musu da ita. Amma da makullin ya karye, 'yan kwafi ne suka fi kowa morewa. Sony ta maka Hotz a kotu a 2011, aka sasanta, su ma masu na'urar suka yi ƙararta, ta ƙare da biyan dala miliyan 3.75.

Abin lura a nan, masu basirar fasa makulli da masu son wasan banza ba mutane ɗaya ba ne. Na farko 'yan kaɗan ne, kuma abin da suke nema wurin gwada hannu. Na biyu suna da yawa, amma ba su iya komai ba sai jira. Idan ka rufe ƙofa ruf, ka mai da na farko ma'aikatan na biyu ke nan. Microsoft ta gane haka, ƙila don ta ga yadda 'yan sha'awa suka mai da Xbox ɗinta ta farko akwatin kallon fim da wata manhaja, XBMC, wadda yanzu ake kira Kodi. A 2016 ta buɗe wa kowa wani ɓangare a Xbox One: ka biya dala 19 a lokacin, ka juya na'urarka zuwa yanayin masu rubuta manhaja, ka gwada abin da ka rubuta a keɓe, nesa da inda wasannin saye suke. Na'urar nan ta haura shekara goma babu wanda ya samu hanyar buga wasannin sata a kanta. Tsaronta mai ƙarfi ne, ban musa ba, amma kuma an rage wa masu basira dalilin yaƙarta. Kamfanin Valve ma ya fito da na'urar gem ta hannu, Steam Deck, a 2022 a buɗe, Linux ce a ciki, ka ɗora abin da ka ga dama, kuma har gobe ana sayen wasanni a shagonsa. Nintendo ce ta zaɓi sanda: an yanke wa wani mai suna Gary Bowser ɗaurin wata 40 a Amurka kan sayar da kayan fasa na'urarta Switch, masu manhajar Yuzu da ke buga wasannin Switch a kwamfuta kuma suka amince da biyan dala miliyan 2.4 a 2024. Wanda ya mai da fasa makulli kasuwanci, ba na tausaya masa sosai.

Zaman da na yi a nan ya nuna min wani abin da ya fi min zafi. Da yawa daga cikin dattawan da nake aiki da su a harkar manhaja, a kan abin wasa suka koyi sana'ar. A farkon shekarun 1980 yaran Ingila suna da ƙananan kwamfutoci irin BBC Micro da ZX Spectrum, ka haɗa da talabijin, da ka kunna abin da ke jiranka shi ne wurin rubuta umarni. Yaro ya gaji da wasan wani sai ya fara nasa. Da aka lura wannan ɗabi'a tana mutuwa, wasu a Kambirij suka fito da wata 'yar ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi, a 2012 a kan dala 35. Yau yaron Ingila yana da kwamfuta a makaranta, da wata a laburaren unguwa, da ta uwarsa a gida. In an kulle masa PlayStation, ba a hana shi komai ba. Yaron Rafin Daɗi fa? Ban da wayar yayansa, mai yiwuwa na'urar gidan gem ce kwamfuta mafi ƙarfi da hannunsa ke taɓawa a mako. Ɗan yayata ya taɓa turo min saƙon murya yana cewa, "Kawu, wai mi ya sa ba a sa Katsina United a cikin ƙwallon nan? Ni in na iya sai na sa su, har da filin Karkanda." Na ce masa ana iyawa, don 'yan Brazil sun yi. Tun wajen 2007 suke gyara wasan ƙwallon PS2 suna cusa ƙungiyoyinsu da 'yan wasansu, suna kiransa Bomba Patch, kuma a gidan gem abin ya fara. Wannan tambaya ta yaron ita ce matakin farko na zama mai rubuta manhaja, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa memorin da ke gaban na'urar, mutum ne kamarsa ya rubuta abin da ke ciki.

Sai kuma maganar da abokan aikina ba sa ganewa sai na zauna na yi musu lissafi. Sabon wasa dala 70 ne. A canjin ƙarshen 2024, wannan ya haura naira dubu 100, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a shekarar naira dubu 70 ne. A nan Ingila kuwa, ranar Lahadi da sassafe mutane kan buɗe bayan motocinsu a fili su baje tsofaffin kaya, ka tsinci wasan asali da kuɗin da bai kai na shayi ba, ga shagunan gwanjo a kowace babbar hanya. Ƙari a kan haka, in ka je buɗe asusun PlayStation ba za ka ga Najeriya a jerin ƙasashe ba, Afirka ta Kudu ce kawai daga nahiyar. Wanda ke son biyan kuɗinsa da halali sai ya yi ƙaryar yana zaune a Landan ko Amurka, ya nemi katin can. A 2024, da Sony ta ce sai da asusunta za a buga Helldivers 2 a kwamfuta, an janye wasan daga ƙasashe sama da 170 da ba ta aiki a cikinsu. Wannan bai halatta sata ba. Amma wanda bai kafa rumfa a kasuwarmu ba, in ya zo yana lissafa cinikin da ya rasa a cikinta, dole a dube shi sau biyu.

Ni abu biyu nake ganin ya dace. Sabuwar na'ura da ke kan ganiyarta, a yi mata yadda Microsoft ta yi: ɗaki guda a keɓe ga mai son gwaji, da kuɗin rajistar da ɗalibi a Katsina zai iya biya, a ci gaba da tsare wasannin saye. Wadda kuma kamfani ya daina ƙerawa ya rufe shagonta, ya saki makullin da kansa. Nintendo ta rufe shagon intanet na na'urorinta 3DS da Wii U a watan Maris na 2023, wasannin da a can kaɗai ake samunsu ba sauran hanyar saye. Wani bincike da ƙungiyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na tsofaffin wasannin da aka fitar a Amurka ba a sayar da su yanzu. Ban ga wanda makulli ke karewa a irin wannan na'ura ba. Dokar Amurka ta 1998 ce ta haramta karya shi, an sassauta wa masu waya a 2010, masu na'urar gem suka nema aka hana su, mu kuma sabuwar dokarmu ta haƙƙin mallaka ta 2022 ta ɗauko irin wannan hani. Ya kamata masu gyaran na'ura na Babbar Kasuwa su san da zamansa.

Kafin kamfanonin su ji kira, abin da ke hannunmu ya isa a fara. An sayar da PS2 sama da miliyan 150 a duniya, kuma tsofaffinta nan suke gangarowa, ta Alaba da Farm Centre har su iso mu. Kayan aikin rubuta mata manhaja suna nan kyauta a intanet, PS2SDK ake ce musu, da yaren C ake rubutun, wanda ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Kwalejin Hassan Usman ba baƙonsa ba ne. Dara ba ta buƙatar zane mai wahala: ramuka ne a jere da 'ya'ya, sai ƙa'idar jera uku ka ci ɗaya. Ɗalibi biyu da malami mai haƙuri za su iya gama ta a matsayin aikin kammala karatu, su zuba a filash, su kai wa mai gidan gem na unguwarsu ya ɗora ta kusa da ƙwallo, a ga ko yara za su zaɓe ta.