Olisadebe bai ci amanar kowa ba

Da zarar wani yaro mai sunan Najeriya ya saka rigar wata ƙasa, gidajen kallon ƙwallo kan kaure da zagi: ya sayar da ƙasarsa, kwaɗayin fasfo ne, ba shi da kishi. Masu wannan magana kuwa su ne suka fi kowa tafi ranar da Ademola Lookman ya ajiye rigar Ingila ya ɗauki ta Super Eagles. Kafin a sake yanke wa wani irin wannan hukunci, ina ganin ya dace a waiwayi labarin Emmanuel Olisadebe, domin a cikinsa akwai duk abin da ake gardama a kai, har da wanda ba ma son ji.

An haife shi a Warri a watan Disambar 1978, ya taka leda a Jasper United ta Onitsha, sannan a 1997 ya sauka Poland yana ɗan shekara 18. Ƙungiyoyi biyu, Wisła Kraków da Ruch Chorzów, sun gwada shi suka bar shi. Polonia ta birnin Warsaw ce ta ɗauke shi, ƙungiyar da ta daɗe a inuwar maƙwabciyarta Legia, wadda rabonta da kofin lig tun 1946. A shekara ta 2000 Polonia ta ɗaga kofin bayan shekara 54, kuma yaron Warri na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin kakar a kafaɗarsu.

A shekarar ne Jerzy Engel, wanda ya horar da shi a Polonia, ya karɓi ragamar tawagar ƙasar. Poland ba ƙaramar ƙasa ba ce a tarihin tamaula. Ta zo ta uku a gasar cin kofin duniya sau biyu, 1974 da 1982, zamanin su Grzegorz Lato da Zbigniew Boniek. Amma rabonta da gasar tun 1986 a Meziko, kuma ba ta da ɗan wasan gaba mai gudu da zafin nama. Engel ya san inda zai samu. Tsarin mulkin ƙasar ya ba shugaban ƙasa ikon ba wa baƙo takardar zama ɗan ƙasa, shi kuwa Aleksander Kwaśniewski ya sa hannu a watan Yulin 2000. Olisadebe ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa Poland.

To, ina Najeriya take a lokacin? A watan Fabrairun shekarar ne Kamaru ta doke mu a bugun fenareti a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Legas. A gaba muna da Nwankwo Kanu, da Victor Ikpeba, da Julius Aghahowa, ga Tijjani Babangida a gefe, ga Yakubu Aiyegbeni yana tasowa. Wa zai ɗaga kai ya dubi wani yaro a lig ɗin Poland, wanda ko a talabijin ba a nuna mana? Babu wanda ya saka masa rigar Super Eagles. Ban ga laifin Jo Bonfrere, kocinmu na lokacin, ba a nan, don kowane koci da irin waɗannan 'yan wasa a hannu haka zai yi. Amma mutumin da ba ka kira ba, ba za ka ce ya ƙi amsa kira ba.

Ya fara buga wa Poland a watan Agusta da Romaniya a Bukarest, ya ci ƙwallo, aka tashi kunnen doki. Ranar 2 ga Satumba aka je Kiyef wasan farko na neman gurbi a gasar cin kofin duniya ta 2002. Yukren ta lokacin ba kanwar lasa ba ce: Valeriy Lobanovskyi a benci, Andriy Shevchenko a gaba. Shevchenko ya ci ɗaya, Olisadebe ya ci biyu, Poland ta koma gida da 3 da 1. A watan Maris na 2001 ya sake cin biyu a Oslo, aka doke Norway 3 da 2. Ranar 1 ga Satumba a Chorzów, garin da aka taɓa gwada shi aka ce bai yi ba, Poland ta lallasa Norway 3 da nema ta samu tikiti tun wasanni ba su ƙare ba. Ƙwallo takwas ya ci a wannan zagaye, kuma mujallar ƙwallo ta Piłka Nożna ta zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Poland na 2001.

Mutane sukan tsaya a nan, kamar labarin na farin ciki ne zalla. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani wasa a garin Lubin, inda 'yan kallo suka yi masa ruwan ayaba daga kan benaye, ana yi masa kukan biri. A ƙasar da take neman ƙwallayensa ke nan. Daga baya ya mara wa ƙungiyar yaƙi da wariyar launin fata ta Nigdy Więcej baya a kamfen ɗinta na korar wariya daga filayen wasa. Wanda yake ganin saka rigar wata ƙasa hanya ce mai sauƙi, ya auna wannan. Ɗan ƙasa na haihuwa in ya zubar da ƙwallo, ƙafarsa ake zagi. Wanda aka ba wa takarda in ya zubar, asalinsa ake tonowa, a fara tambayar ko yana jin harshen, ko ya iya rera taken ƙasa.

Gasar 2002 ba ta yi wa Poland daɗi ba. Koriya ta Kudu ta ci ta 2 da nema, Fotugal ta zuba mata huɗu, uku daga ƙafar Pauleta. Sai ranar 14 ga Yuni a Daejeon, an riga an fitar da su, suka haɗu da Amurka. Minti uku da take wasa aka bugo kwana, 'yan bayan Amurka suka kasa fitar da ƙwallon, Olisadebe ya ɗirka ta sama a ragar Brad Friedel. Poland ta ci 3 da 1, kuma da Park Ji-sung na Koriya ta Kudu bai ci Fotugal a ɗaya wasan ba, da Amurka ta kama hanyar gida a ranar. Mu ma dai a wannan gasa ƙwallo ɗaya tak muka ci, ta Aghahowa a ragar Suwidin. Duk zaratan da suka hana a tuna da yaron Warri, abin da suka haɗa ke nan.

Bayan nan tauraronsa a tawagar ya dushe da sauri. Engel ya tafi, Boniek ya ɗan riƙe, Paweł Janas ya zo bai damu da shi sosai ba. Wasa 25, ƙwallo 11, na ƙarshe a 2004. In ka duba da kyau, shekara biyu ce ta gaske.

Masu cewa don fasfon Turai ya yi, su ma akwai abin da suke mantawa. Poland ba ta shiga Tarayyar Turai ba sai watan Mayun 2004. Fasfon da ya karɓa a 2000 bai buɗe masa ƙofar Ingila ko Sifen kai tsaye ba. Girka ya tafi a 2001, ƙungiyar Panathinaikos, kuma can ya yi mafi kyawun wasansa na kulob. Shi ya ci ƙwallon da suka doke Porto ta José Mourinho har gida a kofin UEFA a 2003, kodayake Porto ta rama a Atina ta wuce, ta kuma ɗauki kofin. A 2004 Panathinaikos ta haɗa kofin lig da kofin ƙalubale na Girka. Kafin fasfon ya yi irin darajar da ake zato, gwiwa ta riga ta ci shi. Ya je Portsmouth a farkon 2006 ya buga wasa biyu kacal, ya ratsa Xanthi da Kubrus, sai a ƙungiyar Henan ta ƙasar Sin ya sake samun kansa daga 2008. Da ya rataye takalmi kuma gida Najeriya ya dawo.

Ba ina nufin duk wanda aka ba wa takarda ya cancanta ba ne. Akwai cinikin fasfo, kuma abin ƙyama ne. A 2004 Katar ta nemi saka wa Aílton riga, ɗan Brazil ɗin da ke ruwan ƙwallaye a Werder Bremen, alhali bai taɓa zama a ƙasar ba. Wannan ne ya sa FIFA ta yi gaggawar kafa doka a watan Maris na shekarar: sai an haife ka a ƙasa, ko iyayenka, ko kakanninka, ko ka zauna shekara biyu. A 2008 aka mayar da zaman shekara biyar. Da wannan doka ta shekara biyar tana nan a 2000, da Olisadebe bai buga Kiyef ba, da bai je Koriya ba, domin shekara uku kawai ya yi. Duk da haka ina goyon bayan dokar, saboda ba a yin doka don mutum ɗaya, kuma ƙasa mai kuɗi in aka sakar mata mara za ta sayi tawaga sukutum. Sai dai tsakanin Aílton da Olisadebe akwai tazara. Ɗaya kuɗi aka yi masa tayi daga nesa. Ɗayan ya sha sanyin Warsaw, ya buga lig ɗinsu mako bayan mako, ya ɗaga kofinsu, ya sha jifarsu.

Za a ce ai su Lookman da Alex Iwobi da Ola Aina jininmu ne, gida suka dawo. Haka ne, kuma ina murna da su. Amma Lookman a Landan aka haife shi, makarantun ƙwallon Ingila suka raine shi, da rigar Ingila ya ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2017, kafin ya zama gwarzon Afirka na 2024 da tamu rigar. William Troost-Ekong a Holan aka haife shi, Leon Balogun a Jamus. Ba mu kashe ko sisi wajen koya musu wasa ba. Kowannensu ya duba inda zai samu wasa da inda ake son sa, ya zaɓa, kuma lissafin da Olisadebe ya yi ke nan. Bature a Landan yana da hujjar yin ƙorafi a kan Lookman fiye da yadda muke da ita a kan Olisadebe, wanda ba mu ma san yana nan ba sai da ya ci Yukren.

In akwai wanda za a tuhuma a irin wannan lamari, hukumar ƙwallon ƙasa ce ta NFF. Yaranmu sun bazu a ƙananan lig-lig na gabashin Turai da Skandinebiya da ƙasashen Larabawa, da yawansu daga filayen ƙura na Kano da Kaduna da Jos suka fito, wani dillali ya ɗebe su tun ba su kai ashirin ba. Jami'anmu sun iya hawa jirgi zuwa Landan don lallashin yaron da ya riga ya yi suna a gasar Firimiya. Abin da ake buƙata bai kai wannan tsada ba: mutum biyu ko uku da aikinsu kawai shi ne su riƙe sunayen yaran nan, su kalli wasanninsu, su kai wa koci rahoto, a kira wanda ya cancanta tun bai cika shekara biyar a ƙasar mutane ba.