Ga wanda ya kai ƙarata wurin Hajiya

Tun jiya raina a ɓace yake, kuma na rantse ba zan haɗiye wannan ba. Duk wanda ya ɗauki ƙafa ya je har ɗakin mahaifiyata ya ce mata ya gan ni ina gudu da asuba, wai so nake ƙafafuna su shanye, bai kyauta mini ba, ita ma bai kyauta mata ba. Tsohuwa mai fama da hawan jini ka je ka sa ta kuka. Ta kira ni murya na rawa tana cewa, "Ɗan nan, don girman Allah ka rufa mini asiri ka zauna wuri ɗaya." Malam, me ka sani game da bayana? Ka taɓa ganin hoton da aka yi mini? Ka taɓa raka ni asibiti ko sau ɗaya? Sannu ma ta waya ka yi mini ita.

Kun san yadda abin ya faru, ba sai na maimaita da tsawo ba. Wata bakwai ke nan da na sunkuya in ja dilar atamfa a shago, na ji ƙuguna ya riƙe. Kafin la'asar ciwon ya tsarga ta cinyar hagu har ɗan yatsan ƙafa, kamar an zura mini waya mai zafi. Sati biyar ina sallah a kan kujera. Atishawa sai na dafa bango tukuna. Maiɗakina ce ke sa mini takalmi. Wanda bai taɓa kallon dardumarsa ya kasa kai goshi ƙasa ba, ba zai gane abin da nake nufi ba.

A lokacin kowa likita ne. Wannan ya ce in kwanta a tabarma, wancan ya ce in ɗaure ƙugu da bel kada in motsa, wani ya kawo wanzami a yi mini ƙaho, wani ya zo da kati biyu na tiramol a aljihu. Duk bakinsu ɗaya: kwanta. Na kwanta kuwa, kwana 12 cur. Da na tashi sai na ga na fi da lalacewa, bayan ya sandare, ƙafar ta yi laushi, ko banɗaki sai an riƙe ni. Kwanciyar nan da kuke ta yi wa mutane wasiyya da ita, ita ta kusa ƙarasa ni.

Da likitan ƙashi ya duba hoton MRI, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka, ya nuna mini faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya biyu na can ƙasa, wurin da suke kira L5 da S1, ya ɗan ɓullo yana danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Nan da hawa ɗaya sama da shi ne aka fi samun wannan matsala, don su ke ɗauke da nauyin jiki. Ya ce akasarin masu irin wannan suna samun sauƙi cikin sati 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba. Ya tura ni wajen masu fisiyo, wato ma'aikatan asibiti masu gyara jiki da atisaye, su kuma maganarsu ta farko ita ce in tashi in riƙa takawa. Su ne suka tsara mini komawa gudu, ba ni na ga dama na ɗauri takalmi ba.

Kuma wai gudu! Ka san abin da ka gani ranar? Sassarfa ce ta minti biyu, sai tafiya ta minti ɗaya, haka har minti 24. Wata uku na yi kafin in kai nan. Da tattakin minti goma na fara, daga ƙofar gida zuwa masallacin Juma'a in dawo. Sai da na iya tafiyar rabin awa ba tare da ciwon ya sauka ƙafa ba, sannan aka ba ni izinin sassarfar minti ɗaya. Minti ɗaya, ni da nake cinye kilomita goma ranar Asabar ina hira. Sau uku a sati, da kwana guda na hutu a tsakani. Ga atisayen ƙarfafa ciki da ƙugu da nake yi a kan tabarma kafin in fita. Ga kuma doka: idan ciwon ya gangara ƙafa, ko ya kwana har washegari, to in koma matakin baya. Sau ɗaya na karya dokar, ranar da jiki ya yi daɗi na ƙara minti goma a kan abin da aka ce. Sati guda na biya. Ban sake ba.

To wannan ne aka kai wa Hajiya a matsayin ganganci.

Za a ce ai gudu bubbuga baya yake yi, yana cinye guringuntsi. Wa ya ce? A 2017 masu bincike a Jami'ar Deakin ta Ostareliya sun ɗauki hoton bayan mutanen da suka daɗe suna gudu da na waɗanda ba sa motsa jiki, suka tarar faifan masu gudun ya fi ruwa, ya fi lafiya. Dalilin ma ba ɓoyayye ba ne. Faifan nan kusan ba shi da hanyoyin jini a cikinsa, matsawa da saki da motsi ke yi ne ke shigar masa da abinci, kamar soso a ruwa. A 2024 kuma mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani gwaji da aka yi da mutum 701 da suka tashi daga ciwon baya. Waɗanda aka ɗora a kan tsarin tattaki sun yi kamar kwana 208 kafin ciwon ya dawo ya hana su harkokinsu, waɗanda aka bari haka kuwa kwana 112. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a Disambar 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya ta sa motsa jiki cikin magani, ta kuma ce bel ɗin nan da dangin tiramol ba abin dogaro ba ne. Su duk ba su sani ba, sai kai da ke zaune a benci tun hantsi har isha?

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Mutum zai wuni awa goma a dunƙule a shago, ya hau adaidaita ta yi ta jijjiga shi a ramuka, ya zo majalisa ya sake zama, yana haɗiyar ƙwayar rage ciwo ta diclofenac kamar gyaɗa har ta huda masa ciki ko ta taɓa ƙoda, babu mai kai ƙararsa wurin uwarsa. Amma wanda ya tashi ya taka ƙafa bisa shawarar likita shi ne mai neman halaka kansa. Mun mayar da ciwon baya hukuncin ɗaurin rai da rai. Da zarar an ce wane ya samu matsalar baya, shi ke nan an yi masa jana'izar ƙuruciya, an miƙa masa sanda da kujera. Na san magidanta da ba su kai 45 ba da aka zaunar da su haka, teɓa ta fito, suga ta shigo, bayan kuma bai daina ciwo ba. Tsoro aka cusa musu, tsoron ya fi ciwon illa.

Hoton ma da ake tsorata mutane da shi, tun 1994 aka yi wa mutum 98 da ba sa jin ciwon komai MRI a Amurka, aka samu fiye da rabinsu faifansu ya ɗan kumbura. Suna ta harkarsu ba su sani ba.

Kada wani ya ce na ce duk mai ciwon baya ya fita gudu gobe. Ban ce ba, kuma a nan ina roƙonku da gaske. Idan ka ji tsakanin cinyoyinka ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko kana sakinsa ko bayan gida ba ka sani ba, ko ƙafa ta fara ja da ƙasa, wannan ba na jira ba ne, ba na mai ɗori ba ne, asibiti za ka nufa a ranar. Idan ciwon ya zo da zazzaɓi da gumin dare da rama, a duba, don tarin fuka na kama ƙashin baya, kuma a ƙasarmu ba baƙon abu ba ne. Wanda aka yi wa tiyata kuwa likitansa ne zai ce masa yaushe. Amma wanda aka duba aka ce ya tashi ya motsa, ku bar shi ya motsa. Ku daina zaunar da mutane. Ku daina.

Daren jiya na je na zauna a gaban Hajiya da takardar masu fisiyo a hannu, na karanta mata layi-layi. Ta yi shiru, can ta ce, "To shi likitan da bakinsa ya ce ka yi?" Na ce da bakinsa, Hajiya. Ta ce in tashi in yi ruku'u ta gani. Na yi, na kai goshi ƙasa, na miƙe ban dafa komai ba. Ta share ido da gefen mayafi ta ce Allah ya ƙara sauƙi, amma in riƙa sa hula saboda sanyin asuba. Gobe in sha Allahu zan fita, minti 24, da hulata.

Af, tunda maganar ta zo. Masu saya wa kansu kambas na gwanjo a Ƙofar Wambai, don Allah ku riƙa juya shi ku duba ƙasansa kafin ku biya. Wanda na fara saya dunduniyarsa ta cinye ta gefe ɗaya, mai shi na farko a karkace yake taka ƙasa, ni kuma na gaji karkatarsa har kwana uku ina jin ta a ƙugu. Ku ajiye shi a kan tebur, idan ya jirkice ku bar musu kayansu. Kuma wanda ya san inda ake samun lamba 45 mai kyau a Kano ya yi mini magana.