Albashin yana jikin talla, bashin yana wuyan ɗanka

Wallahi tallan nan ya ishe ni. Kun san wanda nake nufi, wanda ake ta turawa a zaurukanmu na WhatsApp na mazauna Amurka: yaro ya sha taye, ya harɗe hannu a gaban manyan na'urori, an rubuta wai cikin wata 9 ka zama injiniyan netwok, albashi dala 90,000. Har wani dattijo da nake ganin girmansa ya kira ni, wai ɗansa zai cike fom, "ai gwamnati ce ke ba da kuɗin." Na ce, Alhaji, Allah ya ƙara girma, rance take bayarwa, kuma za ta dawo karɓa har da ruwa.

Wannan 90,000 ɗin ba daga sama suka ɗauko ta ba, shi ya sa ma take cutarwa. Hukumar ƙididdigar ma'aikata ta Amurka ta ce matsakaicin albashin masu kula da netwok na kamfanoni ya haura haka a shekara. To amma hukumar ta kuma ce galibi da digiri ake shiga aikin, kuma ta yi hasashen guraben za su ragu. Cikin lissafin akwai mutumin da ya yi furfura a sana'ar. Me ya haɗa shi da yaron da zai fito da satifiket ɗin wata 9? Shi aikinsa na farko amsa waya ne, wance ta manta kalmar sirrinta, wane firintarsa ta ƙi aiki. Ko kuma yana kan tsani, kai cikin silin, yana jan kebul ƙura na zubo masa a ido. Aiki ne na halak, ta nan manyan ma suka fara, amma abin da ake biya bai kama ƙafar na talla ba.

Albashin da suka rubuta na wasu ne. Bashin kuwa da sunan ɗanka za a rubuta shi. Wata 6 bayan barin makaranta za a fara neman biya, ya sami aiki ko bai samu ba, ya gama kwas ɗin ko ya yar a hanya. Ko kotu ya je ya ce ya karye, bashin karatu na cikin waɗanda suka fi wuyar sauka daga wuyan mutum.

Kuma sai ka ce ba a taɓa yi ba! ITT Tech, wata makarantar kuɗi a Amurka, ta yi shekaru tana tallan kwasa-kwasan kwamfuta da netwok a talabijin. A Satumbar 2016 ta rufe rassanta sama da 130, ɗalibai dubbai suka wayi gari ba makaranta, sai bashi. Sai a 2022 gwamnati ta yafe dala biliyan 3.9 ga mutum 208,000, bayan ta tabbatar an yaudare su kan samun aiki. Shekara 6 ke nan bayan rufewar. Wa zai mayar musu da shekarun da suka yi ana kiran su a waya, sunansu ya ɓaci, ba sa iya kama haya mai kyau ko cin bashin mota? DeVry ma, wata makarantar kuɗin, a 2016 ta amince ta biya dala miliyan 100 kan tallan da ke cewa kashi 90 cikin 100 na ɗalibanta masu neman aiki suna samu cikin wata 6. Yau an sake wa tallan riga, mu kuma muna ta turawa da "Allah ya sa a dace."

Na san za a ce ai ɗan wane ya yi, ga shi da gida a Texas. Allah ya ƙara masa. Su nawa ne a ajinsu? Ina sauran? Masu cewa ina hana yara karatu kuwa, ba ni da lokacinku.

Sana'ar nan tana da albarka, ina so yaranmu su shige ta. Abin da ke ƙona min rai shi ne ana sayar musu da takardar makaranta, alhali mai ɗaukar aiki takardar shaidar ƙwarewa ta kamfanin Cisco ko ta ƙungiyar CompTIA yake tambaya. Jarrabawar CCNA, wadda ke ba ka takardar Cisco ɗin, dala 300 ce, kuma ba sai ka bi ta wata makaranta kafin ka zauna ba. Manhajar Packet Tracer, wadda ake gwajin haɗa na'urorin netwok irin su rauta da suwic a cikinta, kyauta Cisco ke ba da ita. Kwalejojin al'umma da ke kusa da gidajenmu suna koyar da darussan nan a farashi mai sauƙi, kuma mai ƙaramin ƙarfi zai iya samun tallafin karatu na gwamnati da ake kira Pell, wanda ba a mayarwa. To a kan me yaro zai sa hannu a bashin dubban daloli?

Kafin kowa ya sa hannu, ya buɗe shafin intanet na College Scorecard na ma'aikatar ilimi. Tun 2019 ake nuna wa mutum, kwas bayan kwas, nawa waɗanda suka gama suke samu da nawa ake bin su. In ka duba ka tarar gurbin kwas ɗin babu komai, wanda yakan faru idan ɗaliban ba su da yawa, ka koma wurin mai tallan ka ce ya ba ka alƙaluman ɗalibansa a rubuce. In ya fara kame-kame yana cewa rangwamen yau zai ƙare, tashi ka kama gabanka. Albashin ɗalibansa ka tambaya, kada ka yarda ya karanto maka na ƙasa baki ɗaya.

Af, ku kuma 'yan'uwa na gida, don Allah ku rage buga albashin mutane da naira a kalkuleta. Da an ji yaro ya kama aikin kwamfuta sai a fara aiko da lissafin biki da na rufin ɗaki. Ba ku ga haraji ba, ba ku ga kuɗin haya da inshorar lafiya ba. Akwai yaran da ke jin kunyar ɗaga waya ranar Juma'a saboda wannan, kuma maganar tana nan tafe, zan yi ta daban.