Yadda Na Shiga Gidan Kallo da Naira 1,835 Na Fito da Naira 15

Abin da ya jawo min shi ne wani musu da na tarar a gidan kallon ƙwallon unguwarmu ranar wata Asabar. An ɗauke wuta, mai gidan ya tafi neman man janareta, yara sun fi talatin a kan bencina suna jayayya kan Messi da Ronaldo. Wannan ya ce Messi ya ɗauki Ballon d'Or takwas, Ronaldo biyar. Wancan ya ce to amma wa ya fi cin ƙwallo? Har garin da aka haifi Messi, Rosario, da shekarar haihuwarsa, 1987, sai da wani yaro mai rigar Barcelona ya kawo ba tare da ya haɗiye yawu ba. Na ce a raina, wannan ƙwaƙwalwa da tarihin ƙasa aka zuba mata, da tuni mun huta. Nan na ƙudurta zan koya musu hankali Asabar mai zuwa.

Dabarar mai sauƙi ce: in tara takardun naira masu hoton mutane, in ɗaga ɗaya, wanda ya faɗi sunan mai hoton ya ɗauke ta. Takarda bakwai ake buƙata: 5, 10, 20, 100, 200, 500 da 1,000, jimla 1,835. 'Yar hamsin na ajiye ta gefe, don fuskokin da ke jikinta ba na wasu sanannun mutane ba ne. Wanda zai gwada ya sani cewa samun 'yar dubu ba wuya, 'yar biyar da 'yar goma su ne aiki. Shago huɗu na zaga kafin wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta zaro min su daga ƙasan gwangwani, tana kallona kamar mai neman haɗin magani. Na ɗauki mai shayin bakin gidan kallon a matsayin alƙali, na yi masa alkawarin zan sha shayi da kuɗin da suka rage, don na tabbata kusan duka za su rage.

Da yake na raina su, sai na fara da 'yar ɗari biyar. Na ɗaga ta sama na ce, "Wane ne wannan?" Shiru. Sai wani siririn yaro ya ce, "Kawu, matso da ita, ba na gani sosai." Na matsar. Ya ƙanƙance ido ya ce, "Nnamdi Azikiwe." Gabana ya faɗi, amma na daure na miƙa masa. Na ɗaga 'yar ɗari biyu, shi ma wani ya nemi a matso, ya ce Ahmadu Bello. 'Yar ɗari, Obafemi Awolowo. Cikin minti uku naira 800 ta bar hannuna, har na fara jin kunyar zargin da na yi wa yaran zamani. Sai da mai shayi ya kasa riƙe dariya ya ce, "Malam, ka taɓa duba ƙasan hoton kuwa?" Na duba. Sunan kowa na nan a rubuce ɓaro-ɓaro. Shekara nawa ina ƙirga kuɗi, ban taɓa lura ba. Ashe gasar karatu na shirya.

Maganin wannan shi ne salatif ɗin takarda, irin na masu fenti, a yanka ɗan siriri a rufe sunan. Kada a yi amfani da mai sheƙin nan, ana hango rubutu ta cikinsa, kuma idan aka zo ɓarewa a takardun 100 zuwa 1,000 yakan ɗauko fatar kuɗin. Su 5, 10 da 20 na leda ne, ba ruwansu. Ni ban zo da ko ɗaya ba, sai na sa babban yatsa na danne sunan.

Na ɗaga 'yar ashirin. Kafin in rufe baki gidan ya amsa gaba ɗaya, "Murtala!" Na ji daɗi, na ce, "Madalla, to wane ne Murtala?" Mai rigar Barcelona ya dube ni da mamaki ya ce, "Kawu, Murtala ai naira ashirin ce." Wani daga baya ya gyara masa, ya ce asibiti ne a cikin gari. Na ce ba za a ba da kuɗin ba. Alƙali ya ce suna na tambaya, suna kuma aka faɗa. Haka ashirin ta bi 'yan uwanta, ni kuma na tsaya ina bayanin Janar Murtala Ramat Muhammed, wanda ya hau mulki a Yulin 1975, ya mai da jihohi 12 suka zama 19, ya yanke shawarar a mai da babban birni Abuja, aka harbe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairu 1976. Wani ya ce, "Wata shida kawai? Ai ko koci ana ba shi kaka guda."

Daga nan na sauya doka: suna kaɗai bai isa ba, sai an faɗi aikin mutum. Na koma kan wanda ya ci ɗari biyu, na ce ya gaya min wane ne Ahmadu Bello. Ya ce filin wasa ne a Kaduna, kuma akwai jami'arsa a Zariya. Aminu Kano? Filin jirgi. Ka ga ba ƙarya suka yi ba, sunayen duk sun san su, sai dai a wurinsu adireshi ne. Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Arewa da aka kashe a gidansa na Kaduna ranar 15 ga Janairu 1966, ya koma wurin da ake cewa ɗan adaidaita ya sauke ka. Malam Aminu na NEPU da PRP, wanda gidansa na Mumbayya ke nan Gwammaja, ya koma wurin tashin alhazai. Ban ga laifinsu sosai ba. An yi shekaru ba a koyar da tarihi a firamare da ƙaramar sakandare, Messi kuwa kullum yana cikin wayarsu, har da maimaici. Kuɗin ma yanzu rabinsa ta tiransifa yake wucewa, babu fuskar kowa a jiki.

'Yar biyar da 'yar goma ba wanda ya ci. Tafawa Ɓalewa, Firayim Minista ɗaya tilo da ƙasar nan ta taɓa yi, wani ya ce ya yi kama da limamin Juma'a. Alvan Ikoku, malamin makarantar nan na Arochukwu, ko kusa ba a je ba. Na fara hura hanci, ina cewa kun gani ko, kun gani ko.

A nan ne siririn yaron ya miƙe ya ce, "Kawu, saura kai. Kawo 'yar dubun." Ya karɓa, ya sa yatsu biyu ya danne sunaye biyu, yadda ya ga na yi. "Su wane ne waɗannan?" Ni kuwa da ma na bar ta ƙarshe ne don na san ba mai ci, ban ga dalilin yin bita ba. Na yi gyaran murya. Na ce manyan mutane ne. Aka ce an sani. Na ce ɗaya ɗan Arewa ne, ɗaya ɗan Kudu. Aka ce hula ta nuna. Na ce hasken wurin bai isa ba, a ɗan matso da ita. Gidan ya kece da dariya. Mai shayi ya karɓa ya karanta: Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, gwamnonin Babban Bankin Najeriya, na farkon shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe kujerar. Tun 2005 nake sa mutanen nan a aljihu ban taɓa gaishe su ba. Alƙali ya yanke cewa dubun ta zama ta jama'a, a sayi ruwan leda.

Mai Murtala ya juya tasa, ya nuna min matar da ke gina tukunya a baya. Na ce wannan ai zane ne kawai. Mai shayi ya ce Ladi Kwali ce, gwanar ginin tukwane daga Kwali ta yankin Abuja, wadda aka kai aikinta har Ingila. Na tambaye shi ina ya sani. Ya ce shi kullum canji yake bayarwa, idan ba ciniki yakan karanta.

Don su ɗan rage min zafi, wani ya ce, "To Kawu, wa ya ci Iceland a 2018?" Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba: Ahmed Musa, ƙwallo biyu, a Volgograd, minti na 49 da na 75. Aka yi tafi, har da masu tashi tsaye. Daidai nan janareta ya tashi, kowa ya juya ga talabijin.

Na fito na ajiye wa mai shayi Tafawa Ɓalewa da Alvan Ikoku a kan tebur, na ce a haɗa min abin da ya samu. Ya dube su, ya dube ni, ya tura min su baya. Ya ce in riƙe, in je gida in yi bita, shayin ya rubuta bashi.