Alhaji da fim ɗin ganin aljanu

Shagon Baba Mai Hoto ne, nan wajen Ƙofar Soro a Katsina, bayan la'asar. Ɗan Boko na kan benci yana jiran fasfo ɗinsa sai ga Alhaji dillalin filaye ya faɗo yana haki.

Alhaji: Salamu alaikum Mai Hoto, takanas na zo. An ce min akwai wani fim da ke ɗauko abin da ido bai gani, shi nake so ko nawa ne.

Mai Hoto: Amin wa alaikumus salam Alhaji, zauna ka huta tukuna. Infirared kake nufi. Mi za ka yi da shi?

Alhaji: Wani fili gare ni can bayan Ƙofar Guga mai tsamiya a tsakiya, duk wanda na kai sai ya ce akwai mutanen ɓoye ya gudu, to so nake ka ɗauko min su in sun tabbata a kira malamai, in babu in manna hoton jikin tsamiyar kowa ya gani.

Ɗan Boko: Ranka ya daɗe ai ba aljanu yake ɗauka ba, haske ne. Ka ga bakan gizo ko, to gaba da jan nan akwai wani haske da idon mutum bai kamawa, wani Bature William Herschel ya gano shi tun 1800. Shi ne ma ke fita daga rimot ɗin talabijin ɗinka, ka danna shi gaban kyamarar waya za ka ga yana ƙyaftawa.

Alhaji: Yaro wa ya sako da kai? Abin da ido bai gani kuma yana nan, in ba aljani ba miye?

Mai Hoto: Gaskiya yaron ya faɗa. In na ɗauki tsamiyar taka da mai baƙi da fari, ganyen fari fat zai fito, sama ta yi baƙi wuluk da rana tsaka, kai kuma in ka tsaya ciki fatarka ta yi fari fari idanunka su yi duhu.

Alhaji: La ilaha illallahu, to ai ni zan zama aljanin, wa zai ƙara sayen fili hannuna! Babu mai kala?

Ɗan Boko: Akwai Aerochrome na kamfanin Kodak, lokacin yaƙin duniya na biyu aka ƙirƙiro irinsa don sojan Amurka, a ɗauki hoto daga jirgi, ganye mai rai ya fito ja ko ruwan hoda, motar da aka shafa wa koren fenti aka ɓoye cikin daji kuma ta fito daban asiri ya tonu. Bayan yaƙi masu kula da daji da gonaki suka riƙa amfani da shi suna gane shuka mai ciwo, kuma yana ratsa hazo mara kauri.

Alhaji: Yauwa, wannan ɗin. Miƙo guda biyu.

Mai Hoto: Daga ina? Kodak sun daina yinsa tun 2009, mai baƙi da farin nasu HIE ma 2007 ya ƙare. Sai ragowar da mutane suka daskarar a firji suna sayarwa a intanet da ɗan karen tsada, kuma kwanansa ya wuce, caca ce. Wanda har yanzu ake yi su Rollei Infrared 400 ne da Ilford SFX 200, duka baƙi da fari, su ma sai an yi odarsu daga waje, kuma sai ka ɗaura wa kyamara filta mai duhu R72 wadda kai kanka ba ka ganin komai ta cikinta, ka kafa ta kan ƙafa uku kar ta motsa. Ga shi bai son zafi, firji yake kwana.

Alhaji: Firji, a Katsina, watan Afrilu? Naman layya ma soyawa muka yi don ba wuta. To ko ɓarayin bulo zai kama min da dare?

Ɗan Boko: A'a, wancan kyamarar zafin jiki ce, daban take. Wannan rana yake so tarwai.

Alhaji: Bai ganin aljani, bai ganin ɓarawo, sai cin kuɗi da kwana a sanyi. Wannan ai surukina ne.

Mai Hoto: Amma fa yana da wani aiki. Masu binciken takardu na amfani da hasken nan, biro biyu da ido ke gani iri ɗaya sai ɗaya ya ɓace ɗaya ya tsaya raɗau, in an ƙara sifili ko an mayar da 3 ta koma 8 nan take za a gani. Kawo takardun filin nan ma mu gwada da su in ya iso.

Alhaji ya yi wuf ya danne aljihun babbar riga.

Alhaji: Kace ba a samunsa a garin nan ko?

Mai Hoto: Sai an yi oda.

Alhaji: Kar ka soma. Kai kuma yaro nawa ne kuɗin fasfo ɗin naka, na biya, tashi ka tahi gida.