Minti hamsin da kwalin tishu

Baba ya rasu a Zariya da asuba, kafin gari ya waye mana nan Kalgari ta ƙasar Kanada har an kai shi makwancinsa. Awa takwas ce tsakaninmu lokacin sanyi. Bayan sati biyu a wurin aiki suka lura na rame, suka tura ni wajen wata mai ba da shawara.

Ɗakin fa abin kallo ne. Kujeru biyu masu laushi, ba tebur a tsakani, fitila ja-ja a kusurwa, wata shuka a tukunya, kwalin tishu daidai inda hannuna zai kai, agogo kuma a bayana yadda ita kaɗai ke ganinsa, don zaman na minti hamsin ne. Na zayyana mata komai. Ta gyaɗa kai ta ce wai kamar ina jin laifin rashin zuwa jana'iza. To ai ni na gaya miki yanzu! Na ce to me zan yi? Ta ce ni na fi kowa sanin rayuwata, amsar tana wurina. Wallahi raina ya ɓaci, sunanki mai ba da shawara amma ba shawarar, ko Allah ya jiƙansa babu.

Daga baya na karanta ashe da gangan ne. Tsarin wani Ba'amurke ne masanin halayyar ɗan Adam, Carl Rogers, tun wajen 1951, shi da su Abraham Maslow suka bijire wa Freud mai tonon yarinta da kuma su Skinner masu gwaji da ɓeraye da tattabaru. Rogers ya daina kiran masu zuwa wurinsa majinyata ma. A ganinsa abu uku ake bukata, ka ji abin da mutum ke ji, ka karɓe shi yadda yake ba sharaɗi, kai ma kar ka yi masa fuska biyu, sauran shi zai gyara da kansa.

Ban ce ba amfani ba. A gida kana buɗe baki za a toshe maka da sai haƙuri, namiji ba ya kuka. A ɗakin nan na yi kukan da ban yi ba, ba wanda ya katse ni.

Amma kansa, kansa, komai kansa! Matakan bukatun ɗan Adam da Maslow ya jera a 1943 ma can ƙololuwa mutum ne shi kaɗai yana neman cikar kansa. Abin mamaki a 1938 Maslow ɗin ya zauna da mutanen Siksika, wata ƙabilar 'yan asalin ƙasar, nan gabas da Kalgari, ya ga yadda darajar mutum a wurinsu take a abin da ya rabar wa jama'a. Ko ina ya bar wannan darasin oho.

Ni dai ba amsa nake nema a cikina ba, tabarma nake nema a ƙofar gidanmu. Mutum ya zo ya cire takalmi, ya ce ya haƙuri, a shafa fatiha, ya zauna shiru kusa da kai har azahar ba wanda ya kalli agogo. Ranar sadakar uku ƙanena ya ɗaga min waya a WhatsApp ina kallon masa na zagayawa a faranti, netwok na ɗaukewa. Kawu ya karɓi wayar ya kara a kunne maimakon ya kalle ni, kunnensa kawai nake gani, ya ce ɗana ka ci abinci kuwa?